TASHI DA FAƊUWAR BURDUDDUGAN ANAHEIM: Labarin Ƙungiyar Hoki Da Ta Ci Kofuna Uku Sa'an Nan Ta Ɓace

A farkon watan Yuli na shekarar 1993, mutane fiye da 13,000 suka yi dafifi a wani sabon zauren wasanni da ke birnin Anaheim, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, don su kalli wani wasa wanda yawancinsu ba su taɓa biyan ko sisin kwabo domin kallonsa ba. 'Yan wasan suna sanye da hular kwano da safar hannu mai kauri, kowa na riƙe da sanda mai lanƙwasa irin ta hoki, amma a ƙafafunsu takalma ne masu tayoyi huɗu-huɗu jere a layi ɗaya. Sunan ƙungiyar masu masaukin baƙi Anaheim Bullfrogs, watau Burduddugan Anaheim, don kuwa sunan wani ƙaton kwaɗo mai babbar murya suka ara.

Cikin shekara bakwai da suka biyo baya wannan ƙungiya ta ci kofin zakarun gasa sau uku, ta kuma kai wasan ƙarshe sau biyar. Babu wata ƙungiya a irin wannan wasa da ta kama ƙafarta a wannan zamani, ko ta wajen nasara ko ta wajen tara jama'a. Duk da haka, da kakar 1999 ta ƙare sai aka naɗe tabarma, ba ta sake buga wasa ba har yau. Yadda aka yi ƙungiyar da ba ta gaza a fili ba ta mutu a ofis, shi ne abin da ya cancanci a bi diddiginsa.

WANE IRIN WASA NE?

Wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan wataƙila ya san hoki na fili, wanda ake bugawa a kan ciyawa ko tsandauri da sanda da ƙwallo mai tauri. To, a ƙasashen sanyi kamar Kanada da Rasha da arewacin Amurka akwai wani iri da ake yi a kan daskararriyar ƙanƙara. 'Yan wasa suna sa takalma masu ƙarfe mai kaifi a ƙasa, suna sulɓi a kan ƙanƙarar, kuma maimakon ƙwallo wani ɗan faifan roba mai kauri suke kora zuwa raga. Babbar gasar wannan wasa ita ce NHL, wadda aka kafa a 1917, kuma kofinta shi ne Kofin Stanley.

Akwai kuma hoki na takalmin taya, shi ma kashi biyu ne. Tsohon shi ne wanda ake yi da takalmi mai tayoyi biyu gaba biyu baya kamar mota, da gajeriyar sanda da ƙwallo. Wannan ya yi ƙarfi a Fotugal da Sifen da Italiya da Ajantina, har aka nuna shi a wasannin Olimfik na Basalona a 1992. A Afirka ma yana da gindin zama a Angola da Mozambik, inda Turawan Fotugal suka bar shi, kuma Angola ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta wannan wasa a 2013. Na biyun, wanda shi ne na Burduddugan Anaheim, ɗan autan hoki na ƙanƙara ne: sanda doguwa, faifai maimakon ƙwallo, tayoyi kuwa a jere ɗaya bayan ɗaya, yadda mai takalmin zai riƙa juyawa da karkata kamar yana kan ƙanƙara.

Irin wannan takalmi ya bazu ne ta hannun wasu 'yan'uwa biyu na Jihar Minnesota, Scott Olson da Brennan Olson, waɗanda a wajajen 1980 suka gyara wani tsohon samfuri domin 'yan hoki su sami abin motsa jiki lokacin zafi, sa'ad da ƙanƙara ta narke. Daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali. Kafin shekara goma sha biyu takalmin ya fita daga hannun 'yan hoki ya zama abin yayi. Yara da manya, maza da mata, kowa sai ka gan shi yana sulɓi a bakin teku da gefen titi, musamman a Kalifoniya inda ba a san sanyin ƙanƙara ba.

MUTUMIN DA SANA'ARSA KAFA GASA

Ba a ba da labarin wannan ƙungiya ba tare da an ambaci Dennis Murphy ba. Shi mutumin yankin ne, ya taɓa zama magajin garin Buena Park, maƙwabciyar Anaheim. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne ƙirƙiro sababbin gasanni don su yi gogayya da tsofaffi. Yana cikin waɗanda suka kafa gasar ƙwallon kwando ta ABA a 1967, wadda ta yi shekara tara tana jan daga da NBA, har a 1976 NBA ta haɗiye ƙungiyoyinta huɗu. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa gasar hoki ta WHA wadda ta fara wasa a 1972, ita ma a 1979 NHL ta karɓi ƙungiyoyinta huɗu. Har wa yau da hannunsa a gasar tanis ta ƙungiya-ƙungiya da aka fara a 1974.

Da Murphy ya ga yara suna buga hoki a kan kwalta da takalmin taya, sai ya hango kasuwa. Ya haɗa kai da mutum uku. Na farko Ralph Backstrom, tsohon ɗan wasan Montreal Canadiens wanda ya ci Kofin Stanley sau shida, shi aka ɗora wa shugabancin gasar. Na biyu Larry King, lauya, wanda ya taɓa auren shahararriyar 'yar tanis Billie Jean King. Na uku Alex Bellehumeur, ɗan kasuwa, wanda ya yi aiki a kan ƙera faifan roba mai 'yan ƙusoshi a jiki domin ya riƙa sulɓi a busasshen daɓe ba tare da ya yi ta birkicewa ba. Suka sa wa gasar suna Roller Hockey International, a taƙaice RHI, kofin kuwa aka kira shi Kofin Murphy.

Lissafinsu mai sauƙi ne, kuma a takarda yana da kyau. Manyan zaurukan wasanni na Amurka da Kanada a kulle suke yawancin lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, domin an tashi daga ƙwallon kwando da hoki na ƙanƙara. Masu zaurukan suna neman mai haya. Sa'an nan akwai ɗaruruwan 'yan hoki na ƙananan gasanni waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma a waɗannan watanni zaman kashe wando suke yi ko ƙwadago. Ga zaure, ga 'yan wasa, ga yayin takalmin taya. Abin da ya rage kawai a haɗa su.

An kuma gyara dokoki don wasan ya yi sauri. A hoki na ƙanƙara mutum shida ne a kowane gefe har da mai tsaron gida. A nan aka mai da su biyar, sai fili ya yalwata. Maimakon zango uku na minti ashirin-ashirin, aka yi zango huɗu na minti goma sha biyu-biyu. Aka sassauta dokar satar gida, aka cire layukan nan biyu masu shuɗi da ke raba filin ƙanƙara kashi uku. Sakamakon haka ƙwallaye suka yi ta faɗawa raga, har ba abin mamaki ba ne a tashi wasa ci goma da takwas. Wajen biyan 'yan wasa kuwa, aka tsara cewa rabon kowa zai dogara ga matsayin da ƙungiyarsa ta kai, wanda ya fi cin wasa ya fi samun kuɗi.

SA'AR DA ANAHEIM TA TAKA

Ƙungiyoyi goma sha biyu suka fara gasar a 1993, tara a Amurka, uku a Kanada, watau a Toronto da Calgary da Vancouver. A cikinsu duka babu wadda ta zo a kan gaɓa kamar ta Anaheim, kuma dalilan haka suna da yawa.

Na ɗaya, ran 9 ga Agusta 1988 aka sayar da Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka shi ne gwanin gwanayen hoki na ƙanƙara, daga Edmonton zuwa ƙungiyar Los Angeles Kings. Zuwansa ya sa mutanen kudancin Kalifoniya, waɗanda da ba ruwansu da hoki, suka fara cika zaure. A watan Yuni na 1993, makonni kaɗan kafin Burduddugan su fara wasa, Kings suka kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley karo na farko a tarihinsu, ko da yake Montreal ta doke su. Zazzaɓin hoki bai sauka daga jikin jama'a ba tukuna.

Na biyu, a 1992 kamfanin Disney, mai gidan shaƙatawar nan na Disneyland da ke Anaheim tun 1955, ya fito da wani fim na yara 'yan hoki mai suna The Mighty Ducks. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, har kamfanin ya biya dala miliyan 50 ya sami izinin kafa ƙungiya a NHL da wannan suna, watau Agwagi.

Na uku, birnin Anaheim ya gama gina sabon zaure mai cin mutum fiye da 17,000, aka buɗe shi a watan Yuni na 1993. Daga baya aka sa masa suna Arrowhead Pond. Ma'anar kalmar ƙarshe ita ce kududdufi, saboda agwagin da za su zauna ciki. Amma Agwagin ba su buga wasansu na farko na gasa ba sai ran 8 ga Oktoba. Saboda haka kwaɗin ne suka riga agwagin shiga kududdufi, kuma jama'ar da ke ɗokin ganin cikin sabon gini suka same shi a buɗe da tikiti mai araha.

Masu ƙungiyar su ne Maury Silver da ɗansa Stuart, 'yan kasuwa na yankin. Dabarar da suka yi wadda ta bambanta su da wasu ita ce ɗauko mai horarwa wanda ya san inda ƙwararru suke. Suka kawo Chris McSorley, wanda a wannan shekarar ya ci kofin ƙaramar gasar ECHL da ƙungiyar Toledo Storm. Shi ɗan'uwan Marty McSorley ne, abokin wasan Gretzky a Kings, don haka sunan ba baƙo ba ne a kunnen mutanen yankin. McSorley bai tsaya neman gwanayen takalmin taya na bakin teku ba. Ra'ayinsa shi ne ya fi sauƙi a koya wa ɗan hoki tafiya a kan taya da a koya wa mai taya hoki. Sai ya tattaro ƙarfafan samari daga ƙananan gasannin ƙanƙara, yawancinsu 'yan Kanada.

Koyon bai zo da sauƙi ba. A kan ƙanƙara ɗan wasa yana iya tsayawa cak ta hanyar karkata ƙafa, kaifin ƙarfen ya kankare ƙanƙarar. Taya ba ta yin haka. Wanda ya gwada sai ya ji shi a ƙasa. Dole suka koyi rage gudu da kewayawa. Masu tsaron gida suka fi shan wuya, domin a ƙanƙara suna sulɓi daga wannan turken raga zuwa wancan a kan gwiwa, a busasshen daɓe kuwa kariyar ƙafarsu kamewa take yi. Ga kuma zafi, don babu sanyin ƙanƙara da zai taso daga ƙasa ya sanyaya jiki mai ɗauke da kaya masu nauyi.

Duk da haka Burduddugan suka yi wasa goma sha huɗu a kakar farko suka ci goma sha uku, ba wanda ya doke su cikin ƙa'idar lokacin wasa. Suka wuce zuwa wasan ƙarshe, suka lallasa Oakland Skates, suka zama na farko da aka rubuta sunansu a jikin Kofin Murphy.

SAURI YA HAIFI NAWA

Nasarar kakar farko ta ruɗi shugabannin gasar. A 1994 suka ninka yawan ƙungiyoyi daga 12 zuwa 24 a tashi ɗaya. Dalilin a fili yake: kowace sabuwar ƙungiya tana biyan kuɗin shiga, kuma wannan kuɗi shi ne babbar hanyar samun gasar. Gidan talabijin na wasanni na ESPN, tare da ƙaramar tasharsa ESPN2 wadda aka buɗe a 1993 domin matasa, suka fara nuna wasannin. Aka jawo sanannun mutane don su ƙara wa abin armashi. Bryan Trottier, wanda ya ci Kofin Stanley sau shida yana ɗan wasa, ya sa takalmin taya ya buga wa ƙungiyar Pittsburgh. Manon Rhéaume, matar da ta tsare wa Tampa Bay gida a wasan share fage na NHL a 1992, ta shiga gasar ita ma. A Los Angeles, Jeanie Buss, 'yar mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers, ita ce ke tafiyar da ƙungiyar Blades, babbar abokiyar hamayyar Burduddugan.

Amma tun a lokacin alamun tsagewa sun bayyana. Ƙungiyar Toronto kaka ɗaya ta yi ta mutu. Ta Utah ta yi ƙaura zuwa Las Vegas, ta Connecticut ta tsallaka ƙasar gaba ɗaya zuwa Sacramento. An sayar wa mutane izinin kafa ƙungiya ba tare da an tantance ƙarfin aljihunsu ba, wasu kuma suka kama hayar zauruka masu kujeru dubu goma sha wani abu alhali masu zuwa kallo ba su cika kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuɗin jirgin sama daga gaɓar gabas zuwa ta yamma, da otal, da hayar zaure, duk suna nan ko an cika ko ba a cika ba.

Lissafin shekarun ya isa shaida. Ƙungiyoyi 24 a 1994, sai 19 a 1995, sai 18 a 1996, sai 10 a 1997. Ko cin kofi bai zama kariya ba. Buffalo Stampede, wadda McSorley ya koma ya ci mata kofin 1994, kaka ɗaya kawai ta ƙara ta rufe. Orlando Jackals ta ci kofin 1996, bayan 1997 ba a sake jin ɗuriyarta ba.

A tsakiyar wannan rikici Anaheim ta tsaya da ƙafafunta. Yawan masu kallonta a wasa guda yakan kusanci dubu goma a shekarun farko, kuma ita ce kan gaba a gasar ta wannan fuska. Sirrin bai wuce abu uku ba: zaure mai kyau, tikitin da magidanci zai iya saya wa iyalinsa duka, da kuma 'yan wasan da ba sa sauyawa kowace shekara. Yaro ya san Victor Gervais mai rarraba ƙwallo, ya san Joe Cook da Savo Mitrovic, ya san Rob Laurie mai tsaron gida, kuma ya san baɗi zai sake ganinsu. Wannan yaron kuwa shi kansa da rana ya buga irin wasan a layin gidansu da irin takalmin, abin da ba zai iya cewa ba game da hoki na ƙanƙara, wanda kayansa da hayar filinsa suke da tsada.

Bayan tafiyar McSorley, Grant Sonier ya karɓi horarwa. A 1994 da 1995 ƙungiyar ba ta kai wasan ƙarshe ba. San Jose Rhinos ce ta ɗauki kofin 1995 bayan ta doke Montreal Roadrunners. A 1996 Burduddugan suka koma wasan ƙarshe, Orlando ta ƙwace kofin. A 1997, ƙarƙashin tsohon ɗan wasansu Brad McCaughey, suka doke New Jersey Rockin' Rollers suka ɗauki Kofin Murphy karo na biyu. Su kaɗai ne suka ci shi fiye da sau ɗaya a duk tarihin gasar.

RUWA YA ƘARE WA ƊAN KADA

Ranar da suka ɗaga wannan kofi, gidan da suke ciki ya riga ya fara rushewa. Bayan kakar 1996 gasar ta rasa gurbinta a ESPN, kuma gasar da ba a gani a talabijin ba ta da abin da za ta nuna wa kamfanonin talla. Sababbin masu sayen izini sun daina zuwa, saboda sun ga abin da ya sami na gabansu, don haka kuɗin shiga ya ƙafe. Yayin takalmin taya shi ma ya fara lafawa a ƙarshen shekarun 1990, matasa suka koma ga wasu abubuwan. Bugu da ƙari, lokacin zafi a Amurka lokacin ƙwallon gora ne, ga kuma sababbin masu neman kasuwar waɗannan watanni: gasar ƙwallon ƙafa ta MLS ta fara a 1996, gasar ƙwallon kwando ta mata ta WNBA ta fara a 1997, kuma ita wannan ta biyun a cikin irin zaurukan da RHI ke haya take wasa, da goyon bayan NBA mai ƙarfin arziki.

Akwai kuma wata matsala da ke can ƙasa. Miliyoyin mutane sun sayi takalmin taya, gaskiya ne, amma mai son yin abu ba lallai ne ya zama mai son biyan kuɗi ya kalli wani yana yi ba. Su kuma masoya hoki na asali suna ganin wannan wasan rage zafi ne kafin kaka ta dawo. NHL ba ta taɓa ɗaukar RHI a matsayin abokiyar gaba da za ta saye don ta huta ba, kamar yadda ya faru da WHA, domin ba 'yan wasa ɗaya suke rububi ba, ba kuma lokaci ɗaya suke wasa ba. Hanyar da ta fisshe da wasu ƙungiyoyin gasannin Murphy na baya, a nan a toshe take.

Sai shugabannin RHI suka ba da sanarwar cewa ba za a yi kakar 1998 ba, za a tsaya a sake tsari a nemo jari. Ga gasar da ke fama da neman a san da ita, ɓacewa shekara guda ba ƙaramar kasada ba ce. Burduddugan ba su yarda su zauna ba. Suka shiga wata sabuwar gasa mai suna Major League Roller Hockey, suka kuma ci kofinta a wannan shekarar, ya zama kofinsu na uku. A wannan shekarar ce kuma aka fara wata gasa a bakin tekun Huntington Beach, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Anaheim, mai suna Pro Beach Hockey, wadda aka tsara musamman domin talabijin, ita ce kuma ta samu shiga ESPN2.

A 1999 RHI ta dawo da ƙungiyoyi takwas kacal. Daga cikin goma sha biyun da suka fara a 1993, biyu ne suka rage: Anaheim da St. Louis Vipers. Kamar an shirya, su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe, St. Louis ta yi nasara. Wannan shi ne wasan ƙarshe na gasar, shi ne kuma na ƙarshe ga Burduddugan. Ba a yi kakar 2000 ba, a 2001 kuma aka rufe littafin RHI baki ɗaya. Ƙungiyar da ta fi kowa jama'a ta wayi gari ba ta da abokin karawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA YA RAGE

Maƙwabtansu Agwagi sun ci gaba. Disney ya sayar da ƙungiyar a 2005, a 2006 aka taƙaita sunanta zuwa Anaheim Ducks, aka kuma sauya sunan zauren zuwa Honda Center. A 2007 suka ci Kofin Stanley a cikin wannan zaure, suka zama ƙungiyar Kalifoniya ta farko da ta ɗauke shi. Bambancinsu da Burduddugan ba na ƙwazo ba ne. Su suna cikin gasa wadda a 2007 ta cika shekara casa'in da kafuwa, mai kwangilar talabijin da dokokin tantance masu ƙungiya.

Mutanen da suka yi zamanin kuwa kowa ya kama gabansa. Chris McSorley ya haye Turai, ya yi shekaru masu yawa yana jagorancin ƙungiyar Genève-Servette ta ƙasar Suwizalan tun daga 2001. Jeanie Buss ta karɓi ragamar Lakers bayan rasuwar mahaifinta a 2013. Ralph Backstrom da Dennis Murphy duka sun mutu a 2021, Murphy yana da shekara 94. Rob Laurie, mai tsaron gidan nan, ya zauna a yankin Anaheim. A watan Janairu na 2014, yana da shekara 43, ƙungiyar Vancouver Canucks ta zo wasa Anaheim babban mai tsaron gidanta ya ji rauni, sai aka kira shi cikin gaggawa ya sa riga ya zauna a benci a matsayin mai jiran ko-ta-kwana. Ya koma zauren da ya taɓa tsare raga a kan taya, wannan karon cikin rigar NHL.

Wasan kansa bai mutu ba, ya koma inda ya fito ne, watau hannun yara da masu sha'awa. Har yanzu ana gasanninsa na matasa a Amurka da Kanada, ana kuma gasar duniya. Wasu daga cikin yaran da suka tashi a kan taya a waɗannan shekaru sun kai NHL. Bobby Ryan, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana wasan taya a Kalifoniya, shi ne na biyu da aka zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2005, kuma Agwagin Anaheim ne suka ɗauke shi. Pat Maroon, ɗan St. Louis, garin da ya ci Kofin Murphy na ƙarshe, shi ma da taya ya goge, ya kuma ci Kofin Stanley sau uku a jere, a 2019 da 2020 da 2021.

Ga masu tafiyar da harkar wasanni a ko'ina, darasin Anaheim a bayyane yake. Ƙungiya tana iya samun fili mai kyau, da masu horarwa na gari, da magoya baya masu aminci, ta kuma cika akwatinta da kofuna, amma ranta yana hannun gasar da take ciki. In gasar ta dogara ga kuɗin sababbin shiga maimakon kuɗin ƙofa da na talla, in ta karɓi duk wanda ya zo da kuɗi ba tare da ta duba ko zai iya kai ƙarshen kaka ba, to, ranar da masu shigowa suka yanke, mai ƙarfi da marar ƙarfi tare za su nutse. Burduddugan Anaheim sun buga kaka bakwai, sun kai wasan ƙarshe a biyar, sun ci uku. Abin da ya gagare su shi ne samun ƙungiyoyi goma masu irin ƙarfinsu da za su riƙa karawa da su kowace shekara.